Daga fitsarin kwance zuwa saukar mahaifa: abin da ya kamata mu sani kan naman ƙasan ƙugu



A shirinmu na kiwon lafiya akwai tambayoyin da ba a yin su lokacin da muke kai tsaye. Sai an rufe shiri, an watse, sannan saƙon murya ya shigo ta WhatsApp, kuma kusan kullum da roƙo ɗaya yake farawa: don Allah kada a faɗi suna. Wata yaronta ya kai shekara 9 yana jiƙa shimfiɗa. Wata tun haihuwarta ta biyar ba ta iya tari ko dariya ba tare da fitsari ya zubo ba. Wani dattijo sai ya tashi sau biyar kafin asuba, ga shi alwala ta zame masa aiki. Wata kuma tana jin wani abu kamar ƙwallo ya sauko mata a gaba, shekara uku ke nan, ko mijinta bai sani ba.

Waɗannan koke-koke, duk da sun bambanta, wurinsu ɗaya ne a jiki. Shi ya sa muka ga ya dace mu haɗa su a rubutu guda, wanda mutum zai karanta shi kaɗai ko ya sa a karanta masa, babu mai kallonsa. Za mu faɗi abubuwa da sunansu. Muna neman afuwa ga iyayenmu, amma ciwon da aka ɓoye shi ne yake girma.

Wane nama ne wannan?

Ku tuna ragaya, wadda iyayenmu mata ke ratayewa a ɗaki su ɗora ƙwaryar nono ko ta fura a ciki. Ƙashin ƙugu kamar kwano ne marar gindi. Abin da ya rufe gindin shi ne wata shimfiɗa ta nama da jijiyoyi, ta taso daga ƙashin mara a gaba ta tafi har ƙashin wutsiya a baya. Ita ce ragayar da ke riƙe da mafitsara, da ƙarshen hanji, da mahaifa ga mace. Hanyoyi ne suka ratsa ta: ga namiji biyu, ta fitsari da ta bayan gida, ga mace uku, har da hanyar haihuwa. A bakin hanyar fitsari da ta bayan gida akwai nama mai kama da mazagin wando, yana tsukewa idan ana son riƙewa, yana saki idan an je ban ɗaki.

Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar kimanin rabin lita, wato kamar ledar ruwan sanyi guda. Mai lafiya yakan yi fitsari sau 4 zuwa 8 a yini, ya tashi sau ɗaya da dare ko ma bai tashi ba.

Wannan nama yana iya samun matsala ta hanya biyu. Ko dai ya yi sanyi ya saki, sai a ga yoyo ko saukar mahaifa. Ko kuma ya ɗaure ya ƙi saki, sai a ga ciwo a mara, zafi lokacin kwanciyar aure, ko wahalar fitar fitsari da bayan gida. Bambancin yana da muhimmanci, don maganin na farko shi ne ƙarfafawa, na biyu kuwa koyon sassautawa. Kuma da yake nama ne kamar na hannu ko na ƙafa, yana karɓar horo. Masu wannan aiki a likita su ne waɗanda muke ce wa kine, tare da sajfam da likitocin mata da na mafitsara.

Yara: fitsarin kwance ba rashin kunya ba ne

Yaron da bai kai shekara 5 ba, idan ya yi fitsarin kwance, ba a ɗaukar sa ciwo. A cikin yara 100 masu shekara 5, kimanin 15 suna yi, kuma maza sun fi mata. Kowace shekara wani kashi daga cikinsu yana dainawa da kansa. Abin yana bin jini sosai: idan uba ko uwa sun yi da ƙuruciya, sau da yawa ɗansu ma zai yi. To, baba, kafin ka ɗauki bulala, ka tambayi inna yaya ka kasance.

Dalilai uku ne suka fi yawa. Wani yaron jikinsa bai fara rage yin fitsari da dare ba yadda na manya ke yi. Wani mafitsararsa ce ba ta ɗaukar da yawa. Wani kuma barcinsa ne mai nauyi, saƙon mafitsara ba ya tashe shi. Babu ɗaya a cikin ukun nan da yaro ke yi da gangan. Saboda haka duka, ko ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarma a ka a zaga da shi unguwa ana kiransa amalala, ba ya busar da shimfiɗa. Abin da yake yi shi ne ya sa yaro tsoro, ya koyi ɓoyewa. Muna roƙon malaman makarantun allo da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai su ji wannan da kyau.

Abu na huɗu da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne taurin bayan gida. Idan kashi ya taru a ƙarshen hanji, yana danne mafitsara, sai ta kasa ɗaukar abin da ta saba. Yaron da ke kwana biyu ko uku bai yi bayan gida ba, ko yake yi da nishi da kuka, ko ake ganin ɗan kashi a wandonsa, a fara gyara wannan. Ruwa isasshe, wake, zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka, gwanda da mangwaro a lokacinsu, duk suna taimakawa. A saba masa zuwa masai bayan cin abinci, ya tsuguna ƴan mintoci ba tare da tsawa ba.

A gida ga abin da za a yi. Yaro ya sha yawancin ruwansa da safe da rana, a rage da magariba, amma kada a hana shi ruwa idan yana jin ƙishirwa, balle a watannin zafi. A guji ba shi shayi ko lemon kwalba da dare. Ya yi fitsari kafin ya kwanta. A ajiye masa tocila da fo kusa, don yara da yawa tsoron duhu ne ke hana su fita. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zane. A yaba masa idan ya bi waɗannan, ko da shimfiɗar ta jiƙe. Idan ya wuce shekara 7 abin bai ragu ba, a kai shi likita. Akwai magani, amma likita ne ke rubuta shi, ba mai tallan ƙwayoyi a kasuwa ba.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su. Yaron da ya daina wata shida ko fiye, sai ya dawo yana yi, tare da yawan ƙishirwa da rama, a auna masa sukari ranar nan. Zafin fitsari da zazzaɓi na nuna ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari. Jini a ƙarshen fitsari, musamman ga yaran da ke wanka a tabki ko a gulbi ko suke aiki a fadamun shinkafa, tsargiya ce mafi yawan lokaci. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Maganinta firazikwantel ne, wanda ake rabawa a lakwal lokacin kamfen, kuma idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Yara masu sikila ma sun fi sauran yin fitsarin kwance, saboda ƙodarsu ba ta tace fitsari ya yi kauri, kuma su ba a rage musu ruwa ko kaɗan.

Sai fitar baya, wato ƙarshen hanjin ƙaramin yaro ya leƙo ja bayan ya yi kashi. Yawan zawo, tamowa, tsutsar ciki ko yawan nishi ke kawo ta. Kada a ƙona, kada a yanka, kada a zuba wani gari a kai. A wanke hannu, a mayar a hankali da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, a kai yaro CSI a nemi tushen abin. Yawanci idan yaro ya murmure ya yi ƙiba, takan daina.

Ƴan mata da amare

Ɗiyanmu mata da yawa suna wuni a lakwal ko a kasuwa ba su yi fitsari ba, saboda babu masai mai ƙofa, ko akwai amma ba ya shiguwa. Sai su daina shan ruwa don kada ya matse su. Wannan hali yana kawo ciwon mara da ƙwayoyin cuta a mafitsara. Kwamitin iyaye na kowace makaranta zai iya sa maganar masai da buta a gaba, aikin bai fi ƙarfin gari ba. A koya wa yarinya tsarki daga gaba zuwa baya, don kada ƙazantar bayan gida ta shiga hanyar fitsari.

Akwai kuma amaryar da kwanciyar aure ke gagara, naman ya ɗaure da kansa saboda tsoro ko zafi, ba da nufinta ba. A nan ne wasu ke cewa gishiri ne ko angurya, a kira wanzami ya sa aska. Yankan gishiri yana iya huda mafitsara ko hanji, ya bar yarinya da yoyon da ba ta zo duniya da shi ba, ban da zubar jini da zai iya kashe ta. Dokar Nijar ta hana kaciyar mata tun 2003. Wannan ɗaurewa tana warkewa da bayani, da haƙurin miji, da koyon numfashi da sassauta naman a hannun sajfam. Tilas kuwa ƙara ɗaure shi yake yi.

Ciki, haihuwa da jego

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici. Kowane ciki wata tara ne na nauyi a kan ragayar nan, kowace haihuwa kuma tana buɗe ta iyakar buɗewa. Idan aka haɗa da daka, jan ruwa a rijiya mai zurfi, ɗaukar itace da tulu, za a gane dalilin da ya sa mata da yawa ke fama da zubar fitsari idan sun yi tari, atishawa, dariya, ko sun ɗaga kaya. Abin ya yi yawa har wasu na ɗauka haka haihuwa ta gada. Yawansa bai sa ya zama dole a zauna da shi ba.

Kwana arba'in na jego da al'adarmu ta tanada dama ce babba, in dai da gaske aka bar mai jego ta huta. Naman yana buƙatar aƙalla mako 6 kafin ya fara komawa daidai. Maigida, uwar miji, abokiyar zama: ɗauke mata daka da jan ruwa a wannan lokaci magani ne wanda ba a saya da kuɗi. Tazarar haihuwa ta shekara 2 ko fiye ita ma tana ba naman lokacin murmurewa. Idan mace ta ƙaru wajen haihuwa, a ɗinke ta a likita a ranar. Wadda ta ga ba ta iya riƙe iska ko bayan gida bayan haihuwa, to wataƙila yagewar ta kai mazagin dubura, kuma ana gyara shi da tiyata. Ta faɗa wa sajfam ranar awon jego.

Ga ƴan uwanmu da ke Faransa: a can ana rubuta wa mai jego zaman horon wannan nama wajen sajfam ko kine, yawanci zama 10, ana farawa mako 6 zuwa 8 bayan haihuwa, kuma inshorar lafiya ce ke biya. Kada kunya ta sa ku bar haƙƙinku.

Yoyon fitsari na doguwar naƙuda

Wannan daban yake, kuma dole a bambanta shi. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya tsaya a ƙugu kwana ɗaya, biyu, uku, yana matse naman da ke tsakanin hanyar haihuwa da mafitsara a jikin ƙashi. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube ya bar rami. Daga nan fitsari yana zuba dare da rana, a tsaye ko a kwance, ba tare da mace ta ji ya matse ta ba. Wani lokaci ramin yana ɓangaren hanji, sai bayan gida ya riƙa biyowa ta gaba. Mafi yawan lokaci jaririn ma bai zo da rai ba. Wasu kuma ƙafarsu takan mutu, suna jan ta, saboda jijiyar da aka danne.

Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba hukuncin wani laifi ba ne. Jinkiri ne: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin samun amalanke ko mota, jinkirin samun tiyata. Yarinyar da ta yi ciki ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga haɗari, amma uwar yara takwas ma tana iya samu. Ƙa'idar da za mu riƙe ita ce: naƙudar da ta fara da safe har rana ta faɗi ba a haihu ba, ko ta fara da dare har gari ya waye, a tafi likita, kada a jira kwana na biyu. Maigidan da zai tafi cin rani ya bar izini a fili, ya bar kuɗin mota a hannun wanda zai iya yanke shawara. Gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun tsakiyar shekarun 2000, ko da yake a aikace wani lokaci ana rubuto ordonansi a saya a waje, don haka tanadi yana da amfani.

Motsa nama ba ya rufe rami. Amma idan aka zo da wuri, cikin makonnin farko, sa robar fitsari na mako 4 zuwa 6 tare da shan ruwa da yawa yana iya sa ƙaramin rami ya haɗe da kansa. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki a asibitin Babbar Ruga na Katsina, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan hanya. Idan bai haɗe ba, sai tiyata, kuma ramin da bai yi muni ba ana rufe 8 zuwa 9 cikin 10 a aikin farko. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari. A Danja, kudu da Maraɗi, akwai cibiyar da aka buɗe a 2012. Cibiyoyin uwa da yaro na Damagaram, Maraɗi da Tawa su ma suna karɓar masu wannan lalura ko su tura su inda ya dace. Ko shekara 20 mace ta yi da shi, ta je a duba ta. Ranar 23 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce ranar duniya ta yaƙi da wannan ciwo.

Bayan aiki ana hutawa daga kwanciyar aure da aikin ƙarfi na aƙalla wata 3, kuma haihuwa ta gaba a likita za a yi ta, ta hanyar tiyata. Wasu ko an rufe ramin sukan ci gaba da ɗan ɗiga, a nan ne horon nama da aikin kine ke shigowa, haka ma ga ƙafar da ta mutu. Ga mazan da suka riƙe matansu cikin wannan hali, suka kai su magani, Allah ya saka muku. Ga masu tunanin saki, ku sani abin da ya same ta wajen haifa muku ɗa ya same ta.

Iyayenmu mata bayan ɗaukewar al'ada

Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin da ke sa naman gaba ya yi kauri da laushi yana raguwa. Raunin da aka samu tun haihuwar farko sai ya fito fili. Inna ta fara jin nauyi a ƙasa, kamar wani abu zai faɗo, ya fi tsanani da yamma bayan aiki, ya lafa idan ta kwanta. Wannan ita ce saukar mahaifa, ko mafitsara ko hanji su turo bangon gaba. Idan bai yi nisa ba, horon nama yana rage shi. Akwai zoben roba da likita ke sawa a ciki ya tallafe mahaifar, ana cirewa a wanke lokaci zuwa lokaci. Idan ya fito waje sosai, tiyata ce. Tura ganye, kanwa, alif ko tsumma yana jawo gyambo ne kawai.

Wata matsalar ita ce fitsari ya matso farat ɗaya, kafin a kai ban ɗaki ya zubo. Nan mafitsara ce ta koyi gaggawa, kuma ana sake koya mata haƙuri. Idan ya matso, kada a ruga. A tsaya ko a zauna, a tsuke naman sau biyar da sauri, a ja numfashi, idan matsin ya lafa sai a tafi a hankali. Kowane mako a ƙara tazarar da minti 10 zuwa 15, har a kai awa 2 zuwa 3 tsakanin fitsari da fitsari. Ana ba wannan aƙalla mako 6. A rage shayi mai ƙarfi, kofi da goro, don suna tsokanar mafitsara. Kada a daina shan ruwa: fitsari mai kauri ya fi tsokana, ya fi wari. Tari mai daɗewa, na hayaƙin itace ko na wani ciwo, a nemi maganinsa, haka ma taurin bayan gida. Jini kuwa bayan al'ada ta ɗauke, ko ɗigo ɗaya ne, a je likita cikin makon.

Maza ma suna da nasu

Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ƙullutu da ake kira furostat, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Daga shekara 50 zuwa sama yakan girma ya matse hanyar. Sai fitsari ya rage ƙarfi, a daɗe kafin ya fara, a gama a ji kamar da saura, a yi ta tashi da dare. Ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba tun samartaka shi ma yana iya tsuke hanyar bayan shekaru. Akwai ƙwayoyi, akwai tiyata, kuma likita zai duba ko girman na tsufa ne ko na daji. Idan fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura tana ciwo, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a tafi a sa roba.

Ga masu fama da ɗigon da ke biyo bayan fitsari ya ɓata wando da alwala: bayan an gama, a ɗan jira, a sa yatsu bayan maraina a matso gaba a hankali sau biyu ko uku, sannan a tsuke naman. Wanda aka yi wa aikin furostat kuma yake yoyo, horon nama yana gaggauta dawowar riƙewa.

Yadda ake horon

Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan horo a 1948, shi ya sa za ku ji ana kiransa da sunansa. Ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki.

A kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwoyi. A yi kamar ana cikin taro ana son riƙe iska kada ta fita, a haɗa da riƙe fitsari, a ja sama zuwa ciki. Ciki, cinyoyi da ɗuwawu su zauna a sake, numfashi ya ci gaba. Idan kin ji kina nishi kina turowa ƙasa, to kin juya abin, ki saki ki sake. A riƙe a ƙirga 3 zuwa 5, a saki gaba ɗaya a ƙirga kamar haka. A maimaita sau 8 zuwa 10, sannan a yi gajeru masu sauri guda 10. Sau 3 a yini. A hankali a ƙara riƙon har ƙirga 10, a koma yi a zaune, sannan a tsaye. Don kada a manta, a ɗaura shi da abin da ake yi kullum, misali bayan asuba, bayan azahar da bayan isha'i, ko lokacin ba jariri nono. Kuma a saba tsukewa kafin tari, atishawa ko ɗaga tulu.

Sai an yi wata 3 ba fashi kafin a yanke hukunci ko ya yi aiki. Kada a mayar da tsayar da fitsari a tsakiya ya zama horo, yana hana mafitsara zubar da komai. Wanda matsalarsa ciwo ce ko ɗaurewa, kada ya fara tsukewa, ya nemi a duba shi tukuna. Yara kuma ba a sa su wannan sai da umarnin likita.

Maganar salla

Mun san abin da ya fi damun da yawa shi ne tsarki. Akwai iyayenmu da suka daina zuwa masallaci, wasu ma suka bar salla, suna ganin ba ta karɓuwa. Malaman fiƙihu sun yi bayanin wannan lalura, suna kiranta salas, kuma a mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuba da kansa a rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala. A tambayi malamin gari ko malamar islamiyya yadda hukuncin ya shafi halin mutum. Sauƙin da addini ya bayar kuma bai hana neman magani ba.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da ke aiko da kuɗi gida, idan kun kira inna ko baba ko matar da kuka bari, ku sani ba za su fara muku wannan magana ba. Ku nemi wata babbar ɗiya ko gwaggo da suke sakewa da ita ta tambaya a keɓe. Idan an ji akwai matsala, kuɗin mota zuwa CSI ko babbar likita, da na abincin mai rakiya, sun fi amfani a kan kwalaben maganin da ake talla a intanet ko a tasha. Mataki na farko shi ne majo ko sajfam na kusa, su ne za su rubuta takardar turawa gaba.

A tafi da gaggawa idan fitsari ya tsaya, idan akwai jini a ciki, idan akwai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, idan yoyo ya fara bayan haihuwa ko tiyata, ko idan ciwon baya ya zo tare da mutuwar ƙafafu da rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi.

Layinmu na saƙo a buɗe yake kamar kullum, kuma ba ma faɗin sunan kowa. Tambayoyin da suka fi ƙarfinmu za mu kai su ga ma'aikatan lafiya a shiri na gaba. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya.